Waƙar Addison Kan Nasarar Blenheim: Kishin Ƙasa Ne Ko Roƙo?

Tambaya: Malam, ina nazarin adabin Ingilishi a jami'a. An ba mu waƙar Joseph Addison mai suna "The Campaign", wadda ya yi wa Duke na Marlborough, babban kwamandan sojojin Ingila, bayan yaƙin Blenheim. Na karanta, ban ga komai a ciki ba sai yabo da zuga. Abokina ya ce kishin ƙasa ne tsantsa, ni kuwa na ce roƙo ne irin na mawaƙan fada, biyansa aka yi. Wanne ne gaskiya, kuma me ya sa ake ce mana sai mun san siyasar lokacin kafin mu gane waƙar?

Amsa: Ɗan'uwa, da kai da abokinka kowa ya riƙe gefe guda na gaskiya, amma naka gefen ya ɗan fi nauyi. Neman Addison aka yi ya yi waƙar, aka kuma saka masa da muƙami, wannan babu musu. Inda zan ja ka baya shi ne wajen kwatanta shi da mawaƙin fada. Sarkin da ake wa waƙa a fada yana kan gadonsa, ba ya jiran ƙuri'ar kowa. Mutanen da suka ɗauki Addison kuwa ƙuri'a ɗaya a majalisa tana iya kayar da su, ta kuma tsayar da yaƙin baki ɗaya. Saboda haka ba don kunnen Marlborough aka yi waƙar ba. Masu biyan haraji da masu zaɓe ake so su ji, su ci gaba da zuba kuɗi a yaƙin da da yawansu suka fara ƙosawa da shi. Dalilin da ya sa malamanku suka nace kan siyasar 1704 ke nan.

Asalin rigimar gado ne. A watan Nuwamba na 1700 Sarki Charles na Biyu na Sifaniya ya mutu bai bar ɗa ba, alhali daularsa ta haɗa da Sifaniya, da yankuna masu yawa a Italiya, da ƙasar da ake kira Beljiyam a yau, da mafi yawan Amurka ta Kudu da ta Tsakiya. A wasiyyarsa ya bar komai ga Philip, jikan Sarki Louis na 14 na Faransa. Gidan sarautar Ostiriya ya ce gadon nasa ne. Ingila da Holan kuma suka ga in Faransa da Sifaniya suka zama gida ɗaya, babu wanda zai sake ɗaga kai a Turai. Sai Louis ya ƙara wa wutar fetur. A 1688 Turawan Ingila sun kori sarkinsu James na Biyu, ɗan Katolika, ya gudu Faransa. Da James ya mutu a watan Satumba na 1701, Louis ya amince da ɗansa a matsayin sarkin Ingila, bayan majalisa ta riga ta yi doka a wannan shekarar cewa ɗan Furotesta ne kaɗai zai hau gadon. Daga nan yaƙin ya tashi daga batun Sifaniya mai nisa ya zama batun wa zai naɗa wa Ingila sarki. Sarki William ya mutu a watan Maris na 1702, Sarauniya Anne ta gaje shi, a watan Mayu aka shelanta yaƙi. Ka riƙe wannan, domin a nan ne abokinka yake da gaskiya. Tsoron da mutum irin Addison yake wa Faransa ba na ganin ido ba ne. Ya yi imani da abin da ya rubuta tun kafin a ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Zuwa farkon 1704 al'amura sun cuɗe wa ƙawancen Ingila da Holan da Ostiriya. Mai mulkin Bavaria, Maximilian Emanuel, ya koma bayan Faransa, 'yan Hangari sun yi wa Ostiriya tawaye, birnin Vienna yana tsakiyar wuta biyu. In Vienna ta faɗi, ƙawance ya watse. John Churchill, wato Marlborough, ya kwashi runduna a watan Mayu daga kusa da birnin Cologne, ya bar mahukuntan Holan suna zaton kogin Moselle zai tsaya, ya yi ta sauka kudu har ya kai kogin Danube, tafiyar kusan kilomita 400 cikin mako biyar. Abincin soja da kuɗi hannu ake saye a hanya, an kuma tanadar musu sababbin takalma, shi ya sa suka isa da ƙarfinsu. Ranar 2 ga Yuli ya ƙwace tudun Schellenberg da ke kan garin Donauwörth, bayan asarar mutum wajen 5,000. Ranar 13 ga Agusta shi da Yarima Eugene na Savoy, kwamandan Ostiriya, da soja kimanin 52,000, suka gamu da kimanin 56,000 na Faransa da Bavaria ƙarƙashin Marshal Tallard da Marsin da Maximilian, a gefen wani ƙauye mai suna Blindheim, wanda Turawan Ingila suka mayar Blenheim. In ka ga 2 ga Agusta a tsofaffin takardun Ingila kada ka ruɗe, a lokacin kalandarsu tana bayan ta sauran Turai da kwana 11.

Yadda aka ci yaƙin yana da muhimmanci ga waƙar. Marlborough ya sa Lord Cutts ya yi ta kai farmaki kan ƙauyen, har wani janar na Faransa, Clérambault, ya tsorata ya cusa sojojin ajiya a cikinsa, suka cunkushe ba su da wurin ɗaga bindiga. Eugene ya riƙe ɗaya gefen da ƙyar. Tsakiyar Faransawa ta yi siriri, da la'asar sakaliya Marlborough ya fasa ta da dawakai, mahaya da yawa suka faɗa Danube suka nutse. Da dare sojojin da ke cikin ƙauyen, wajen 10,000, suka miƙa wuya. An kama Tallard kansa, aka kai shi Nottingham ya zauna har 1711. Ƙawancen ya yi asarar wajen 12,000 tsakanin matattu da raunana, asarar Faransa da Bavaria ta ninka haka fiye da sau biyu in an haɗa da fursunoni. Marlborough ya rubuta wa matarsa Sarah 'yar wasiƙa a bayan takardar kuɗin wani masauki, Kanar Daniel Parke ya yi kwana takwas yana sukuwa ya kai labarin. An daɗe rabon da a ga rundunar Louis ta watse haka, Ingila kuma rabonta da nasara irin wannan a ƙasar Turai tun yaƙin Agincourt a 1415.

To, in nasarar ta kai haka, me ya sa gwamnati take neman mawaƙi? Ruwa ba ya tsami banza.

Ingila a lokacin jam'iyya biyu ce, Whig da Tory. 'Yan Whig sun fi ƙarfi a cikin attajiran Landan, da masu ba gwamnati bashi, da Furotestan da ba sa bin Cocin Ingila, da wasu manyan gidajen sarauta. Su suna son a yi yaƙin a ƙasa, da babbar runduna, har sai an karya Louis. 'Yan Tory kuwa ƙarfinsu yana wurin masu gonaki na karkara da limaman Cocin Ingila. Ba su ƙi yaƙin ba gaba ɗaya, amma sun ce Ingila tsibiri ce, ta yi yaƙinta a teku ta ƙwace jiragen abokan gaba da yankunansu na ƙetare, ta bar 'yan Holan da Ostiriya su kare iyakokinsu. Kuma kukansu yana da dalili. Harajin da ke ɗauke da yaƙin na ƙasa ne, sule huɗu a kowane fam na abin da gona ke kawowa, wato kashi ɗaya cikin biyar. Sauran kuɗin bashi ne, ta hannun irin su Bankin Ingila da aka kafa a 1694, mai ba da bashin yana cin ruwan kuɗinsa. Mai gona yana ganin shi ne ke zubawa, wani a Landan yana kwasa.

Marlborough da babban ma'ajin ƙasa Lord Godolphin, waɗanda surukan juna ne, asalinsu 'yan Tory ne masu sassauci, sai dai yaƙin da suke yi irin wanda Whig ke so ne. A bazarar 1704 masu tsattsauran ra'ayin Tory irin su Lord Nottingham da Sir Edward Seymour suka fita daga gwamnati, suka koma suna jiran Marlborough ya yi tuntuɓe. Da ya sha kashi a Danube, da gurfanar da shi za a yi don ya kai sojan Ingila inda ba a aike shi ba. Da ya ci nasara, sai suka nemo nasu gwarzon. A cikin wannan watan na Agusta Admiral George Rooke, ɗan Tory, ya ƙwace Gibraltar, ya kuma gwabza da jiragen Faransa a gaɓar Málaga, yaƙin da babu ɓangaren da ya nutsar da jirgin ɗaya, kowa kuma ya ce shi ya ci. Da majalisar wakilai ta zauna, inda Tory ke da rinjaye, sai ta haɗa nasarar Rooke da ta Blenheim a jawabin taya murna guda, kamar nauyinsu ɗaya. A ƙarshen Nuwamba kuma masu tsattsauran ra'ayin suka yi yunƙurin liƙa dokar da za ta hana Furotestan da ba 'yan Cocin Ingila ba riƙe muƙami a jikin dokar harajin ƙasa, don majalisar dattawa ta rasa yadda za ta yi: ko ta haɗiye dokar addinin, ko yaƙi ya rasa kuɗi. An kayar da yunƙurin da ƙuri'a 251 ga 134. Ga kuma babban zaɓe yana tafe a 1705.

Ka ƙara da cewa tun 1695 dokar tace littattafai kafin bugawa ta mutu, jaridar kullum ta farko a Landan ta fara fita a 1702, ana zaɓe duk bayan shekara uku, gidajen gahawa kuma sun cika da masu karanta takardu suna gardama. A irin wannan gari, wanda ya mallaki labarin nasara ya mallaki rabin nasarar. An yi addu'ar godiya a majami'ar St Paul a watan Satumba, a watan Janairu aka zaga da tutocin Faransa da aka ƙwato a titunan Landan. Waƙa tana cikin wannan jerin.

Yadda masu tarihin rayuwar Addison suka ruwaito, waƙoƙin da suka fara fitowa ba su gamsar da Godolphin ba, sai ya tambayi Lord Halifax, jigo a Whig kuma uban gidan marubuta, ko ya san wanda zai iya. Halifax ya ja masa rai, ya ce ya sani amma ba zai faɗa ba, tunda gwamnati ba ta san darajar masu basira ba, har sai da Godolphin ya yi alkawarin sakamako. Aka aiki Henry Boyle, ministan kuɗi da kansa, ya hau bene hawa uku a unguwar Haymarket ya sami Addison a ɗan ɗakin haya. Addison yana da shekara 32, masanin Latin ne daga Oxford, ya dawo daga yawon Turai, kuɗin tallafin fam 300 da ake ba shi ya yanke tun mutuwar William. An ce Godolphin ya ga waƙar tun ba a gama ba, da ya kai wurin da aka kamanta Marlborough da mala'ika sai ya ba Addison kujerar kwamishinan sauraron ƙararrakin haraji, mai fam 200 a shekara, wadda mutuwar masanin falsafa John Locke ta bari a watan Oktoba. Jacob Tonson ya buga waƙar a tsakiyar Disamba na 1704, daidai da dawowar Marlborough Landan. Kafin a yi shekara biyu Addison ya zama mataimakin sakataren gwamnati, a 1717 ya zama cikakken sakataren gwamnati.

Yanzu mu shiga waƙar. Ɗango ne sama da 470, biyu-biyu, kowane biyu da amsa-amonsu, kowane ɗango gaɓa goma. Tana bin tafiyar daki-daki: fita daga arewa, haɗuwa da Eugene, Schellenberg, Bavaria, Blenheim, sannan garuruwan da suka faɗi daga baya irin su Ulm da Landau. Wannan bin sawun ne ya sa mai sharhin adabi Joseph Warton daga baya ya kira ta jaridar gwamnati da aka sa wa amsa-amo. Akwai gaskiya a sukar, kuma na san ita ce ta gundure ka. Amma Addison da gangan ya yi haka. A ƙarshen waƙar ya faɗa da bakinsa cewa aikin Marlborough ba ya bukatar ƙirƙira, wanda ya fi faɗin gaskiyarsa shi ya fi yabonsa. Mai karatun da ake so a shawo kansa mutum ne mai lissafin sulallansa. In ka ce masa gumakan Girka sun sauko fagen fama, dariya zai yi. In ka jera masa koguna da garuruwan da ya karanta a jarida, ka nuna masa kowanne an ci shi, sai ya ji kuɗinsa bai tafi a banza ba.

Hanya mafi sauƙi ta ganin gwanintar Addison ita ce ka ajiye ta kusa da kishiyarta. Robert Harley da Henry St John, 'yan Tory masu sassauci da ke cikin gwamnati, ba su yarda Whig su kwashe ladan duka ba, sai suka sa John Philips ya yi tasa waƙar mai suna "Blenheim", ta fito a farkon 1705 cikin salon Milton mara amsa-amo. Philips ya zana Marlborough da takobi tsirara yana kutsawa yana sare abokan gaba da hannunsa, irin jaruman Homer. Wannan ba shi ne abin da ya faru ba, kuma ba haka ake cin yaƙin igwa da bindiga ba. Addison ya gane cewa jaruntar kwamandan zamaninsa tana cikin natsuwa: mutum yana kan doki cikin hayaƙi da ƙara, yana duban fili duka, yana aika taimako inda layi ya fara lanƙwasa, yana jiran sa'ar da tsakiya za ta yi rauni. Masanin adabi Samuel Johnson ya kare waƙar da wannan hujjar, marubucin tarihi Macaulay ma ya bi bayansa a 1843. Ni ma a nan nake ganin darajarta ta gaskiya, domin ta yabi mutumin da abin da ya aikata.

Sai kamancen mala'ikan, wanda shi ne zuciyar waƙar. Addison ya ce Marlborough a tsakiyar yaƙi kamar mala'ika ne da Allah Ya umarta ya girgiza ƙasa mai zunubi da guguwa, irin wadda ta ratsa Birtaniya kwanan baya, yana cikin natsuwa, yana jin daɗin cika umarnin Ubangiji, yana hawan guguwar yana juya ta. Kai da ka karanta a yau za ka wuce "kwanan baya" ba ka ji komai ba. Wanda ya karanta a 1704 kuwa tsigar jikinsa tashi take. A ƙarshen Nuwamba na 1703 wata guguwa ta afka wa kudancin Ingila cikin dare, ta nutsar da jiragen yaƙi fiye da goma da matuƙa fiye da dubu, ta share hasumiyar fitilar Eddystone tare da wanda ya gina ta, ta rushe bututun hayaƙi a kan bishop na Bath da Wells ya mutu a gado shi da matarsa. Masu wa'azi suka ce fushin Allah ne, Sarauniya ta sa aka yi azumin ƙasa. Dubi abin da Addison ya yi da wannan tsoron. Ya ɗauke guguwar da ta hukunta Ingila ya juya ta kan Faransa, ya kuma sa ɗan Ingila a kan linzaminta. Johnson ya yi ƙorafin cewa kamancen bai cika ba, don abubuwan biyu sun yi kusa da juna da yawa, mai natsuwa cikin hargitsi ne aka kwatanta da mai natsuwa cikin hargitsi. Ta fuskar balaga yana da hujja. Ta fuskar siyasa kuwa babu ɗangon da ya yi aiki kamarsa, domin in Marlborough ɗan aiken Allah ne, ɗan majalisar da ya hana masa kuɗi da wa yake ja? Ɗangon bai mutu ba har yau. Ɗan siyasar Amurka John Page ya aro shi a wasiƙarsa ga Thomas Jefferson a 1776, George W. Bush kuma ya maimaita kalaman Page a jawabin rantsar da shi na 2001.

Akwai wurare biyu kuma da siyasar cikin gida ta leƙo fili. Ɗaya shi ne inda ya yabi Sarauniya Anne da cewa na kusa da ita cancanta ce ta ɗaga su, ba sa'a ko makircin fada ba. Wannan amsa ce kai tsaye ga masu cewa Marlborough ya hau ne don matarsa Sarah aminiyar Sarauniya ce. Ɗayan kuma shiru ne: waƙar ta ba yaƙin ƙasa filinta duka, nasarar teku da Tory ke tinƙaho da ita ba ta sami wuri ba. Rooke bai sake jan rundunar ruwa ba bayan wannan shekarar, Whig kuma suka ƙaru a zaɓen 1705. Haka nan mai karatu zai fita da zaton sojan Birtaniya ne suka cika fagen, alhali su tsiraru ne a cikin rundunar. Mafi yawa 'yan Holan ne da Denmark da Ostiriya da ƙasashen Jamus irin su Prussia da Hanover da Hesse. Addison ya girmama Eugene, ya yi makokin wani hafsa mai suna Dormer, har ya tausaya wa Tallard da ɗansa ya mutu a yaƙin, amma nauyin yabon a gida ya sauke shi.

Wurin da nake so ka fi daɗewa a kai shi ne Bavaria. Tsakanin Schellenberg da Blenheim, Maximilian ya ƙi fitowa ya yi yaƙi ya kuma ƙi barin Faransa. Don a tilasta masa, Marlborough ya saki dawakai cikin ƙasarsa a watan Yuli suna ƙona ƙauyuka da amfanin gona. Ɗaruruwan ƙauyuka suka ƙone, na manoman da ba su san wasiyyar sarkin Sifaniya ba balle su ce wani abu a kanta. Addison bai ɓoye wannan ba. Ya ambaci ƙauyuka dubu sun zama toka, ya ambaci garken dabbobi suna gudu, da kukan jarirai a cikin daji. Sai ya rufe da cewa shugaban yana baƙin ciki, tausayi ya kama shi, da ya ga an cika umarninsa na adalci sosai haka. Ka lura da kalmomin nan guda biyu da ya ɗora a kan wutar, tausayi da adalci. Laifin ya koma kan Maximilian mai taurin kai, zafin hannun ya koma kan ƙaramin soja, wanda ya ba da umarnin kuma ya fito da hawaye a ido da hannu mai tsabta. Gaskiya ne Marlborough ya rubuta wa Sarah cewa abin ba ya masa daɗi. Amma bai janye umarnin ba, dabarar kuma ba ta ma sa Maximilian ya sauya sheƙa ba. A ganina wannan ne babban laifin waƙar, kuma ya fi na Philips muni. Ƙaryar Philips kowa yana ganinta. Addison kuwa ya faɗi gaskiyar abin da ya faru, ya sa mai karatu ya amince da shi, sannan ya yi amfani da wannan amincin ya wanke mai laifi. Mala'ikan da ke hukunta ƙasa mai zunubi yana zuwa ne bayan wannan wurin, kuma ba na jin haɗuwar tasu ta kwatsam ce.

Haka batun 'yanci. Waƙar ta ce samarin Birtaniya, waɗanda aka haifa da 'yanci a jininsu, suna tafiya suna ganin al'ummomin bayi da zalunci ya durƙusar, abin yana koya musu son Sarauniyarsu da ƙasarsu. Wannan ita ce aƙidar Whig: Ingila ƙasar doka da majalisa, Faransa ƙasar sarki mai cikakken iko. Akwai ƙamshin gaskiya a bambancin. Sai dai mu da muke karatu daga Afirka ta Yamma ba za mu wuce nan da sauri ba. A shekarun da ake rera wannan, jiragen Landan da Bristol suna lodin mutane daga gaɓar Afirka ta Yamma, kuma da aka yi sulhun Utrecht a 1713, cikin ribar da Birtaniya ta samu, ban da Gibraltar da Minorca da Newfoundland, har da kwangilar kai bayi 4,800 kowace shekara zuwa yankunan Sifaniya na Amurka har shekara 30. Wannan yana cikin abin da nasarar Blenheim ta saya, ko da Addison bai hango shi ba a 1704.

Waƙar ta yi aikinta na ɗan lokaci. An ba Marlborough filin sarauta na Woodstock, aka fara gina masa fadar Blenheim da kuɗin ƙasa, inda aka haifi jikan jikokinsa Winston Churchill a 1874. Ya sake cin nasara a Ramillies a 1706 da Oudenarde a 1708. Amma a Malplaquet a 1709 ƙawancen ya yi asarar fiye da mutum 20,000, kusan ninki biyu na Faransawan da aka ce an ci. Jama'a suka gaji. A 1710 aka sallami Godolphin, Tory suka lashe zaɓe, Harley da St John, waɗanda suka ɗauki nauyin waƙar Philips, suka karɓi gwamnati suka juya wa Marlborough baya. Su ma marubuci suka nema, suka sami Jonathan Swift, abokin Addison. Ƙasidarsa kan halin ƙawayen Ingila ta fito a watan Nuwamba na 1711, aka sayar da kwafi wajen 11,000 cikin wata biyu, tana cewa an yi ta zubar da jini da dukiyar Ingila ne don amfanin Holan da Ostiriya da aljihun gida ɗaya. A ƙarshen Disamba aka tuɓe Marlborough daga dukkan muƙamansa. Swift ma bai faɗi gaskiya duka ba, shi ma aikin jam'iyya yake yi, amma ka karanta shi gefe da gefe da Addison in kana son ka ji gardamar da kunnenka biyu.

Wataƙila malaminku zai haɗa muku da waƙar Robert Southey kan Blenheim ta shekarun 1790, wadda wani tsoho mai suna Kaspar yake zaune da jikokinsa, yaro ya tsinci ƙoƙon kan mutum a gefen rafi, suka tambaye shi me aka yi yaƙin a kai, ya kasa faɗa, sai maimaita cewa gagarumar nasara ce. A cikinta an ƙone gidan mahaifin tsohon, wato Southey ya ba manomin Bavaria bakin da Addison ya hana shi. Ɗalibai sukan so ta nan take, ni ma ina sonta. Amma kada ka ɗauka ita ba ta da siyasa. Southey ya rubuta ta yana saurayi mai goyon bayan juyin juya halin Faransa, Birtaniya kuma tana yaƙi da Faransar a lokacin, saboda haka yaƙin zamaninsa yake suka ta bakin Kaspar. A 1813 ya karɓi muƙamin mawaƙin fadar Ingila, a 1816 ya fitar da doguwar waƙa kan nasarar Waterloo. In za ka rubuta jinga, nemo wannan ta Waterloo ɗin ka yi mata tambayoyin da muka yi wa ta Addison: wa ya nemi a yi ta, wace gardama ake yi a majalisa a shekarar, kuma su wa aka bari a waje.